Yadda Ake Gano Kafasitar Da Ta Mutu A Kan Fanel Da Yadda Ake Sauya Ta

A garuruwan karkara na Kano da Jigawa, kayan lantarkin da aka fi kai wa mai gyara su ne rediyo, da dikoda, da ƙaramin talabijin, da amfilifayar lasifikar masallaci, da fanka mai caji, da inbatar sola. Idan aka kwance su aka duba fanel ɗin da ke ciki, wato allon da aka liƙa ƙananan kayan lantarki a kansa, sau da yawa za a tarar cewa abin da ya kwantar da na'urar kafasita ce guda ɗaya ko biyu, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, alhali kuwa mai kayan ya riga ya fidda rai har ya fara tambayar farashin sabo. Aikin sauya ta ba ya da wuya ga wanda ya iya riƙe ƙarfen liƙi, sai dai yana da ƙa'idoji waɗanda idan aka tsallake su ana iya ƙona fanel ɗin baki ɗaya, ko kuma wuta ta ja mai gyaran.

Kafasita iri-iri ce, amma wadda ta fi mutuwa ita ce mai siffar ɗan ƙaramin gwangwani da ke tsaye a kan ƙafa biyu, sanye da rigar leda baƙa ko shuɗiya ko kore. A cikinta akwai siraran fallayen alminiyam guda biyu da aka naɗe tare da takardar da aka jiƙa da wani ruwan sinadari, sannan aka toshe gindin gwangwanin da roba. Aikinta a sashen da ke ba na'ura wuta shi ne tara caji da sakinsa daidai lokacin da ake buƙata. Wutar da ta ratso ta cikin dayod, wato ɗan kayan da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai, tana zuwa ne tana yankewa, sai kafasita ta zama kamar randar tsakar gida, wadda ake zuba mata ruwa guga-guga amma mai ɗiba yana samu a kowane lokaci. Ruwan sinadarin nan shi ne ranta, kuma zafi ne ke busar da shi.

Wannan batu na zafi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne dalilin da ya sa kayanmu ba sa daɗewa kamar yadda masu ƙera su suka tsara. A jikin kowace kafasita irin wannan ana rubuta iyakar zafin da za ta iya ɗauka, wanda galibi 85°C ne ko 105°C, kuma da yawa daga cikinsu an yi su ne don su yi aiki na awa 1,000 zuwa 2,000 kacal idan suna zaune a kan wannan iyaka. Ƙa'idar da masu ƙera su ke amfani da ita ita ce, duk lokacin da zafi ya ragu da digiri 10, tsawon ran kafasita yana ninkawa biyu. Saboda haka idan cikin akwatin dikoda ya kai digiri 65, abin da ba shi da wuya a watan Afrilu a ɗaki mai rufin kwano lokacin da zafin waje kansa ya haura 40, kafasita mai 85°C da awa 2,000 za ta yi kimanin awa 8,000, wato ba ta cika shekara guda ba idan ana barin na'urar a kunne dare da rana. Mai 105°C kuwa a wuri ɗaya za ta kai wajen awa 32,000. Duk wanda ya riƙe wannan lissafi ba zai sake karɓar mai 85°C don aikin sashen wuta ba, ko da mai shago ya rantse masa cewa duk ɗaya ne.

Kafin a taɓa sukuddireba, ya kamata a saurari mai kayan, domin bayaninsa yakan nuna inda matsalar take. Tambaya mai amfani ita ce irin wannan: "Baba, da asuba yake ƙin kamawa ko da rana?" Idan ya ce a sanyin safiyar hunturu dikodar takan yi ta ƙifta fitila na tsawon lokaci kafin ta tashi, amma da rana tsaka tana kamawa nan take, to kusan ya gama faɗin sunan cutar, saboda kafasitar da ta fara bushewa takan ɗan farfaɗo idan ta ji ɗumi. Sauran alamomin sun haɗa da gurnani mai kauri da ke fita daga lasifika ko da an rage murya gaba ɗaya, da na'urar da ke kashe kanta tana sake tashi, da layuka masu yawo a fuskar talabijin, da ƙara siririya da ke fitowa daga wajen taransifoma.

Da zarar an buɗe akwati, abu na farko shi ne kare rai. A zare filogi daga soket, idan kuma inbata ce a cire wayoyin batir da na faifan sola duka. Cire filogi kaɗai bai wadatar ba. Wutar gida a Najeriya, ko ta KEDCO ce ko ta janareta, volt 230 ce a ƙa'ida, kuma bayan ta bi ta dayod takan tara kimanin volt 325 a cikin babbar kafasitar da ke kusa da inda waya ke shigowa, wadda ake rubuta 400V ko 450V a jikinta. A wasu talabijin na zamani abin da ke cikinta yakan kusanci volt 400. Wannan caji yana iya zama a ciki bayan an kashe na'ura, musamman idan na'urar ta lalace ta yadda babu abin da ke janye shi. Hanyar sauke shi ita ce a samu resista, wato ɗan kayan da ke rage gudun wuta, mai ohm 10,000 da wat 5, a haɗa mata wayoyi biyu masu rufi mai kyau, a ɗora su a kan ƙafafun kafasitar ta bayan fanel na kimanin daƙiƙa goma, sannan a auna da mita a tabbatar abin da ya rage bai wuce volt kaɗan ba. Wanda ba shi da resista yana iya amfani da ƙwan fitila irin na da mai zare a ciki, wanda zai yi walƙiya ya dushe yayin da cajin ya fita, amma ƙwai na zamani marasa cin wuta ba sa wannan aiki. Ɗabi'ar gama ƙafafun biyu da bakin sukuddireba don a ji ƙarar tartsatsi ɗabi'a ce mara kyau, domin tana cinye layin tagulla na fanel, tana kuma raunana kafasitar da wataƙila lafiyarta ƙalau. Tsohon talabijin mai ƙusumbi kuwa yana riƙe dubban volt a jikin kwalbarsa, kuma ɗan koyo bai kamata ya sa hannu a wajen ba sai a gaban maigidansa.

Bayan an sauke caji, a kakkaɓe ƙurar da ta taru da buroshi mai laushi, a fito da fanel ɗin bakin ƙofa inda akwai hasken rana, a karkata shi ana duban saman kafasitocin ta gefe. Saman lafiyayyiyar kafasita a shafe yake, kuma akwai tsaga mai siffar X ko K ko Y da aka zana a kansa da gangan, domin idan iska ta taru a ciki ta fashe ta nan. Wadda ta lalace samanta yakan kumbura ko da kaɗan ne, kuma yatsa yakan ji tudun da ido bai gani ba. Wata za a ga busasshen abu ruwan ƙasa ya fito ta tsagar, wata robar gindinta ce ta turo har ta karkace a kan fanel, wata kuma rigar ledarta ta tsuke ta zame ƙasa saboda zafi. A nan akwai abin da ke ruɗar sababbin masu gyara, wato gam fari ko rawaya da kamfani ke zubawa a gindin manyan kafasitoci don kada su girgiza. Wannan ba yoyo ba ne. Amma idan gam ɗin ya tsufa ya koma baƙi-baƙi yana ɓarɓashi, gara a kankare shi, domin a wannan hali yana iya cin ƙafafun kayan da ya taɓa, har ma ya riƙa wuce da wuta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a dogara da ido kaɗai. Kumburi hujja ce cewa kafasita ta mutu, amma rashin kumburi ba hujja ba ce cewa tana da rai. A sashen wuta na dikoda da talabijin akwai wata 'yar ƙarama, galibi tsakanin 10µF da 47µF (µF shi ne ma'aunin yawan cajin da kafasita ke iya tarawa) mai 50V, da ke zaune kusa da ƙaramin IC ɗin da ke tayar da wutar, wato ɗan baƙin kaya mai ƙafafu da yawa. Ita wannan takan bushe ba tare da ta nuna komai a jikinta ba, kuma ita ce sau da yawa ke sa na'ura ta ƙi tashi sam ko ta yi ta ƙifta fitila. Mai gyara zai sauya manyan da suka kumbura a wajen fitar wuta, ya kunna, ya ga shiru, sai ya yanke hukuncin cewa IC ne ya ƙone, alhali 'yar ƙaramar nan ce ba a duba ba. A ganina, duk wanda ya buɗe tsohon sashen wuta ya sauya ta kawai, ko ta nuna alama ko ba ta nuna ba.

Awo da mita yana buƙatar a cire kafasitar daga fanel, ko aƙalla a ɗaga ƙafa ɗaya, domin sauran kayan da ke haɗe da ita suna ɓata sakamako. A sake sauke cajinta kafin a ɗora mata mita, saboda caji kaɗan yana iya kashe mitar. Idan mita mai allura ce aka sa ta a ma'aunin ohm, lafiyayyiyar kafasita za ta sa allura ta zabura sannan ta koma baya a hankali. Allurar da ta tafi sifili ta tsaya tana nuna kafasitar ta haɗe a ciki, wadda kuma ba ta motsa ko kaɗan a kan babbar kafasita tana nuna ta yanke ko ta bushe ƙarƙaf. Mitar lamba mai ma'aunin µF ta fi bayani. Irin waɗannan kafasitoci ana yarda su kauce wa abin da aka rubuta da kashi 20 cikin ɗari, don haka mai 1000µF da ta nuna tsakanin 800 da 1200 tana cikin iyaka, wadda ta nuna 400 kuwa ta gama aiki.

Duk da haka akwai kafasitar da za ta nuna µF daidai amma ta kasa aiki, saboda turjiyar da ke cikinta, wadda ake kira ESR, ta hau. Sashen wuta na zamani yana kunnawa yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda, kuma kafasitar da turjiyarta ta hau ba ta iya karɓa da saki da wannan sauri, sai ta riƙa zafi tana ƙara bushewa. Lafiyayyiya mai 1000µF da 16V turjiyarta ba ta kai ohm ɗaya ba, galibi wajen kashi ɗaya cikin goma na ohm ce ko ƙasa da haka, ƙananan kuma irin su 10µF sukan nuna ohm ɗaya ko biyu ba tare da matsala ba. Mitar ESR tana iya aunawa a kan fanel ba tare da an cire ba, sai dai idan kafasitoci biyu ko uku suna jere a layi ɗaya, mai lafiya takan rufa wa matacciya asiri. Mai gyaran da yake son ya daina canke ya nemi wannan mita ko ƙaramar na'urar gwajin kaya da ke nuna µF da ESR tare, domin kuɗinta yana fita a cikin ayyuka kaɗan.

Wajen sayen madadi, lambobi uku ake dubawa. Adadin µF ya zama daidai da na tsohuwar, ko ya ɗara kaɗan idan babu yadda za a yi, amma ninka shi sau biyu ko uku a wajen shigar wuta yana wahalar da dayod da fiyus a duk lokacin da aka kunna. Adadin volt ya zama daidai ko sama, ba a taɓa saukowa ƙasa: ana iya sa mai 25V a gurbin mai 16V, amma ba a sa mai 10V. Na uku shi ne 105°C da aka riga aka yi bayani, kuma a wajen fitar wuta a nemi mai ƙarancin ESR. A auna faɗin gwangwani da tazarar ƙafafu, domin mai volt da yawa takan fi girma, ta ƙi shiga gurbi ko ta hana murfi rufuwa. Idan an rasa mai 1000µF, ana iya haɗa biyu masu 470µF a jere, fositif da fositif, negetif da negetif, su ba da 940µF. Wanda ke zaune nesa da birni, a yankin Gumel ko Haɗeja ko Rano, gara idan ya shiga kasuwar Sabon Gari ta Kano ya sayo waɗanda aka fi buƙata da ɗan yawa, irin su 1000µF mai 16V da 25V, da 470µF mai 25V, da 47µF mai 50V, maimakon ya ajiye aiki mako guda saboda abu ɗaya. Kamfanonin Japan irin su Nichicon da Rubycon da Panasonic sun yi suna wajen inganci, kuma saboda haka ne ake yawan buga sunansu a jikin jabu, don haka a auna kowace sabuwa kafin a liƙa ta. Ciro kafasita daga mataccen fanel dabara ce ta ranar da babu mafita, kuma ko a ranar a guji wadda ta zauna kusa da ƙarfen sanyaya dayod ko taransisto, domin ta riga ta sha zafi.

Akwai nau'o'in da ba a musanya su da mai gwangwani. Kafasita mai siffar akwati, galibi rawaya, da ke daidai bakin shigar wutar gida kuma aka rubuta X2 da 275VAC a jikinta, da irinta kawai ake sauya ta, domin an yi ta ne ta jure tsallen wuta ba tare da ta kama da gobara ba. Ta fankar sama ma daban ce, ba ta da fositif da negetif. 'Yan ƙanana masu kama da ƙwayar magani da ake rubuta 104 a jikinsu, wato 0.1µF, ba kasafai suke mutuwa ba sai idan sun tsage.

Kafin a cire tsohuwar, a ɗauki hoton wurin da waya, a kuma yi alama a kan fanel a gefen da ratsin rigarta yake. Ratsin nan mai alamar ɗebewa yana nuna ƙafar negetif, a sabuwar kafasita kuma doguwar ƙafa ita ce fositif. Yawancin fanel suna da da'ira da aka shafe rabinta da fari a gefen negetif, amma akwai kamfanonin da ke yin akasin haka, shi ya sa yadda tsohuwar ta zauna ya fi zanen fanel abin dogaro. Ƙananan kafasitocin tantalam da ake liƙawa a saman fanel kuwa, ratsinsu fositif yake nunawa, kuma wannan bambanci ya sha jawo fashewa.

Ƙarfen liƙi mai wat 30 zuwa 40 ya isa ga ƙananan fanel, amma inda ƙafar ke zaune a kan faffaɗan tagulla, kamar a inbata, sai mai wat 60, domin tagullar tana shanye zafi. A wurin da wuta ba ta zama, ƙarfen da ke aiki da batir mai volt 12 ya fi wanda ake ɗorawa a kan garwashi, tunda shi wannan ba a iya sanin zafinsa, kuma yakan ɗaye layin fanel. Dalmar liƙi mai gauraye 60 da 40, wato kashi 60 kuza da kashi 40 dalma, tana narkewa a wajen digiri 190, ita kuwa wadda kamfanoni ke amfani da ita yanzu mara gubar dalma sai ta kusanci 220, saboda haka dabarar ita ce a fara ƙara sabuwar dalma a kan tsohon liƙin don ya yi saurin narkewa. A ɗora bakin ƙarfe a ƙafa ɗaya, idan ta narke a ɗan karkata kafasitar zuwa ɗaya gefen, a koma ƙafa ta biyu a yi haka, ana yi ana sauyawa har ta fito da kanta. Ba a fizga, kuma ba a barin ƙarfe ya wuce daƙiƙa uku zuwa huɗu a wuri ɗaya. Ramin da ya toshe a buɗe shi da famfon zuƙe dalma, ko a narkar da dalmar a zura tsinken sakace ko allurar sirinji, wadda dalma ba ta kama jikinta. Idan tsohuwar ta yi yoyo, a wanke wurin da sifirit da tsohon buroshin haƙori, a bar shi ya bushe, sannan a bi layukan tagullar da ke kusa da mita a tabbatar ruwan bai cinye su ba.

A zura sabuwar har gindinta ya zauna a kan fanel, a sake duba ratsin a gwada da hoton da aka ɗauka, sannan a ɗan buɗa ƙafafun ta baya don kada ta zame. Bakin ƙarfe ya taɓa ƙafar da zoben tagulla a lokaci guda, a kawo dalma ta ɗaya gefen ta narke a jikinsu, ba a jikin ƙarfen ba. Liƙi mai kyau yakan kwanta ya hau ƙafar da ɗan tsini, sumul, ba tare da rami ba. Wanda ya dunƙule ya tsaya a sama bai kama ba, kuma zai saki bayan 'yan makonni. A datse ragowar ƙafafun, a duba ko dalma ta tsallaka ta haɗa layuka biyu. Inda kafasitoci uku ke jere a wajen fitar wuta kuma ɗaya ta kumbura, a sauya su duka, domin shekarunsu ɗaya kuma zafi ɗaya suka sha. Hayaƙin liƙi ba abin shaƙa ba ne, don haka a yi aikin a inda iska ke wucewa, a kuma wanke hannu da sabulu kafin cin abinci saboda gubar dalma.

Kunnawar farko a yi ta ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 60 ko 100 da aka saka a kan waya ɗaya tsakanin soket da na'urar. Idan ƙwan ya yi haske ya dushe, babbar kafasita ce ta cika kuma komai na tafiya daidai. Idan ya tsaya da cikakken haske, akwai abin da ya haɗe, sai a zare filogi a duba dayod da taransisto kafin a ci gaba. A kau da fuska daga kan fanel a wannan lokaci, domin kafasitar da aka juya ƙafafunta takan yi zafi, ta yi huci, ta fashe cikin ɗan lokaci. Daga nan a auna wajen fitar wuta a ga ko volt 5 ko 12 da ake tsammani sun fito kuma sun tsaya cak, a bar na'urar ta yi aiki kamar rabin awa, a kashe, a zare filogi, a sauke caji, sannan a taɓa saman sababbin kafasitocin. Ɗumi kaɗan ba laifi ba ne.

Idan sabuwar tana zafi sosai, ko kuma mai kayan ya dawo da na'urar bayan wata guda ta sake kumbura, to akwai abin da ke kashe ta. A wajen fitar wuta, a duba dayod ɗin da ke gabanta ko yana yoyon wuta ta baya, a kuma duba sashen da ke daidaita volt, musamman ɗan IC ɗin da aka rubuta TL431 a jikinsa da ƙaramin IC mai ƙafa huɗu da ke tsakanin ɓangarorin fanel biyu, domin idan suka sami matsala volt yakan haura abin da kafasitar za ta ɗauka. Idan babbar ta wajen shiga ce ke kumbura, a tambayi mai kayan irin janaretan da yake amfani da shi a kuma auna shi, saboda janaretan da ke ba da volt 280 yana tara kusan 396 a kan kafasita mai 400V, kuma a irin wannan gida sai a sa mai 450V a gyara saurin injin. A kuma tambayi inda ake ajiye na'urar. Gidaje da yawa suna lulluɓe dikoda da talabijin da ƙyalle saboda ƙura, a bar ƙyallen a kai ko ana kallo, ramukan shan iska su toshe. Sai a ce wa mai kayan: "Alhaji, a riƙa yaye ƙyallen idan an kunna, a kuma ɗaga dikodar daga kan talabijin a bar mata tazara da bango."